Waken Soya: Yaushe Za A Shuka, Kuma Da Wace Tazara?

Duk shekara idan damina ta faɗi, akwai wani kuka da ba ma rasa ji a bakin masu noman waken soya. Mutum ya yi huɗa, ya zuba taki, ya shuka, ya jira kwana bakwai, sai ya ga tsiro jefi-jefi kamar haƙoran tsoho. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Wani ya ce tsuntsaye ne suka tone, wani ya ce ƙadangaru, mafi yawa kuwa su ɗora wa wanda ya sayar musu da irin. Wani lokaci da gaskiyarsu. Amma sau da yawa irin nan tun bara ya mutu, a gonar da aka noma shi, tun bai shiga buhu ba. Abubuwa biyu ne kuwa suka fi kashe shi, kuma ba a cika mai da hankali a kansu ba. Su ne ranar da aka shuka uwarsa, da yawan shukar da aka tsayar a kan kunya.

Wannan magana ta shafe mu duka. Da yawa daga cikinmu ɗalibai, kuɗin makarantarmu daga buhunan waken soya yake fitowa. Iyayenmu mata suna yin awara da madara da kunu da shi, a kudancin Kaduna kuma an daɗe ana yin daddawa da shi. Kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙwayarsa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, kimanin kashi 20 kuma mai ne. Asalinsa daga ƙasar Sin yake. An fara gwada shi a Nijeriya a 1908, amma bai kama ƙasa sosai ba sai da aka kawo wani iri da ake kira Malayan a 1937, wanda ya bazu a ƙasar Tibi. Har yau Binuwai da Kaduna suna cikin manyan jihohin da ke noma shi.

Kafin mu yi nisa, bari mu tambayi kanmu abin da ake nufi da ƙwaya mai kyau. Amsar ta danganta ga wanda aka tambaya. Mai yin awara tana son ƙwaya cikakka, mai haske, wadda za ta ba da madara mai kauri. Kamfanin mai da masu haɗa abincin kaji suna son busasshiya, marar tsakuwa, marar fumfuna. Manomin da zai shuka ta baɗi kuwa yana neman abin da ya fi waɗannan duka wuya, wato rai. Ƙwaya tana iya yin kyau a ido, a yi awara mai daɗi da ita, amma a sa ta a ƙasa ta ƙi tsira.

Waken soya ba kamar dawa ko gero yake ba wajen riƙe rai. Fatarsa siririya ce ƙwarai. Ɗan tsiron da zai zama saiwa yana kwance dab da fatar nan, ba shi da wata garkuwa. Man da ke cikinsa kuma yana lalacewa da sauri in ya haɗu da zafi da danshi. Shi ya sa irin da aka ajiye a ɗakin kwano mai zafi yakan rasa ƙarfinsa kafin damina ta zagayo, alhali dawar da ke kusa da shi tana nan garau. Masu bincike a cibiyar IITA ta Ibadan sun daɗe da gane wannan rauni, kuma yana cikin abubuwan da suka yi ƙoƙarin gyarawa a ire-iren da suka fitar masu suna TGx. An sami ci gaba, amma har yanzu waken soya ɗan lallaɓa ne.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Ƙwayar waken soya tana kai iyakar ƙarfinta ne a lokacin da kwanso ya juya ya zama rawaya, ganye ya soma zuba. A lokacin ta gama cika, uwar ta daina ba ta abinci, amma har yanzu kusan rabin nauyinta ruwa ne. Daga wannan rana ba ta ƙara kyau, sai dai ta ragu. Abin da ya rage mata shi ne ta bushe lafiya. To, ka ga shukar tana bukatar abu biyu masu karo da juna, ɗaya na bin ɗaya. Tana son ruwa sosai a makonnin da ƙwaya ke cika, sa'an nan tana son ruwan ya ɗauke da zarar ta cika. Manomi ba shi da iko da ruwan sama. Ikonsa ɗaya ne, shi ne zaɓen ranar shuka, domin ƙarshen ran shukar ya faɗo daidai da ƙarshen damina.

Da a ce ƙirga kwanaki ne kawai, da abin ya zo da sauƙi. Amma waken soya yana da nasa agogo. Yana lura da tsawon rana da dare, kuma yana gaggauta yin fure idan rana ta soma gajarta. Wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, su ne suka bayyana wannan a 1920. An yi ta shuka wani irin waken soya a lokuta dabam-dabam, tsakanin shuka da shuka makonni, amma sai aka ga duka sun yi fure kusan lokaci guda a watan Satumba, manya da ƙanana. Ashe ba shekarun shukar ke sa ta fure ba, tsawon dare ne. Wani zai ce ai mu nan dare da rana kusan ɗaya suke duk shekara. Ba ɗaya suke ba. A wajen Jos da Kaduna, ranar da ta fi tsawo, wajen 21 ga Yuni, takan kai kimanin awa 12 da minti 40, a Disamba kuwa ta sauko wajen awa 11 da rabi. Mu ba ma jin wannan bambanci a jikinmu, amma waken soya yana ji.

Yanzu mu ɗauki manomin da ya yi sammako. Ruwan farko ya sauka a watan Mayu, ƙasa ta yi ƙamshi, ya ga maƙwabta sun fita da masara, shi ma ya fita da waken soya. A ce ya shuka iri mai kwana 115 a ranar 20 ga Mayu. In ka ƙirga, zai nuna wajen 12 ga Satumba, ko da ɗan ƙari saboda dogayen ranakun Yuni. Wane ne a cikinmu bai san yadda Satumba take ba? Ruwa safe da yamma, ƙasa jagab. Gonar za ta yi kyau a ido ƙwarai, ta yi duhu, mai wucewa ya yaba. Amma kwanson da ya nuna zai jiƙe da dare, ya bushe da rana, ya sake jiƙewa. Duk jiƙewa ƙwaya ta kumbura, duk bushewa ta motse. Bayan 'yan kwanaki fatar ta yamutse, ta tsattsage, ɗan tsiron da ke ciki ya ji rauni.

Ta waɗannan tsagogi da danshin nan ne fumfuna ke samun hanya. Akwai wadda ke mai da ƙwaya fara fat kamar alli, ta yanƙwane, ta yi sakayau. Irin wannan ba ta tsira. Akwai kuma wadda ke shafa wa ƙwaya launin shunayya, wani lokaci ɗigo, wani lokaci rabin fatar. Duk wanda ya taɓa tsince waken soya a faifai ya ga irinsu. Ita mai shunayyar takan tsira, amma tana ɗauke da cutar zuwa sabuwar gona, kuma tana karya farashi a kasuwa. In ruwan ya yi yawa ma, sai ka ga ƙwaya ta tsira a cikin kwanso tun tana tsaye. Ga kuma wahalar girbi. Ina za ka shanya? In ka tara shi a jiƙe, sai tarin ya ɗau zafi, kwana biyu ya yi baƙi. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, to ga shi a fili.

Mai makara shi ma bai tsira ba, sai dai ciwonsa dabam ne. A ce ya bari sai 1 ga Agusta, watakila don yana jiran ya gama da masara, ko kuɗin iri bai samu ba. A lokacin rana ta riga ta soma gajarta. Shukar ba za ta jira ta girma ba, za ta yi fure tana 'yar guntuwa, gaɓoɓinta kaɗan, kwansonta kaɗan, yawancinsu kuma kusa da ƙasa. Mafi muni, lokacin da ƙwaya ke neman ruwa don ta cika, wato Oktoba zuwa Nuwamba, damina ta riga ta yi sallama. Sai ƙwayar ta tsaya a hanya, ta fito ƙanana, a yanƙwane. In fari da zafi suka kashe shukar farat ɗaya, wasu ƙwayoyin sukan bushe da korensu, ba su juya rawaya ba. Masu tatsar mai ba sa son waɗannan, domin koren yana bin man. Har wa yau, gonar da ta rage ita kaɗai kore bayan na kowa sun bushe, ita ƙwari masu tsotsar kwanso ke taruwa a kai. Duk ƙwayar da suka soka takan motse ko ta yi tabo. Daga ƙarshe iskar hunturu ta iso, kwanso ya soma fashewa da tsakar rana, kana tsaye kana jin ƙarar dukiyarka tana zuba ƙasa.

Saboda haka dabarar ita ce a yi lissafi daga baya. Kada ka tambayi yaushe damina ta fara. Tambayi yaushe ta saba ƙarewa a garinku, sa'an nan ka ja baya da yawan kwanakin irinka. Iri mai kwana 115 da aka shuka ranar 25 ga Yuni zai nuna wajen 18 ga Oktoba, lokacin da ruwa ke janyewa a yankin Zariya da Kaduna. Ya sha ruwan Agusta yana fure, ya sha na Satumba yana cika, ya bushe a ranar Oktoba. Shi ya sa malaman gona suke ba da shawarar shuka daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli a wannan yanki. A wajen Kano, inda damina ta fi gajarta, akan shuka da zarar ruwa ya zauna sosai, wajen farkon Yuli, kuma sai da iri mai saurin nuna. A wuraren da ruwa ke kaiwa ƙarshen Oktoba, kamar Kafanchan da Makurɗi, iri mai daɗewa ya fi dacewa, kuma haɗarin yin sammako ya fi yawa.

Wannan ya nuna dole mutum ya san sunan irin da ke hannunsa. TGx 1448-2E, wanda ya yaɗu sosai a arewa, yakan ɗauki kusan wata huɗu, kuma kwansonsa ba ya saurin fashewa. TGx 1835-10E yakan nuna cikin wajen wata uku. In ka shuka su rana ɗaya, ba za su nuna rana ɗaya ba. Wanda ya auno mudu biyar a kasuwa ba tare da ya san ko wane iri ne ba, bai da abin da zai yi lissafi da shi. Wani lokaci ma iri biyu ne ko uku a gauraye cikin kwano guda.

A ganinmu, wanda ke son ajiye irin baɗi ya kamata ya ware 'yar gona dabam domin wannan, ya shuka ta wajen ƙarshen lokacin da aka ƙayyade, ba farkonsa ba. Amfanin zai iya raguwa kaɗan, amma ƙwayar za ta nuna cikin busasshiyar iska, ta fito da tsabta. Gonar sayarwa ana neman yawan buhu, gonar iri kuwa ana neman rai. Mu da ke makaranta muna da wata matsala tamu. Lokacin shukar nan yakan faɗo daidai da jarrabawar ƙarshen shekara, noman farko kuma ya faɗo cikin dogon hutu. Gonar makaranta ba ta san da jadawalin jarrabawa ba. In aka ce sai an gama rubuta takarda ta ƙarshe a shuka, an makara ke nan. Gara a ba ta yammacin Asabar ɗaya a ƙarshen Yuni, a kuma shirya waɗanda za su nome ta lokacin hutu.

Sai maganar tazara. A nan kuskuren da muka fi gani shi ne shuka waken soya kamar waken gida, wato rami a kowane taki, ƙwaya biyu ko uku a ciki. Waken gida yana yaɗo ya rufe fili, waken soya kuwa a tsaye yake. Abin da masu bincike suka ba da shawara shi ne santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 5 kuma tsakanin shuka da shuka, wato faɗin yatsu uku. Ba a yin rami-rami, sai a ja layi a bisa kunya, a zuba iri a jere, a rufe da ƙasa kaɗan, zurfin bai wuce santimita 2 zuwa 5 ba.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji ɗaya. Hekta guda mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. Da tazarar santimita 75 za a sami kunya 133. Kowace mita tana ɗaukar shuka 20, wato kunya guda 2,000. Jimla ya kama shuka 266,000. To, mai yin rami a kowace rabin mita yana barin biyu-biyu, shi nasa 53,200 ne, kashi ɗaya cikin biyar ke nan na abin da gonar za ta iya ɗauka. Shi ya sa in aka ce hekta guda tana cin iri kilo 50 zuwa 70, wasu sukan riƙe baki, su ce ɓarna ce.

Kowa ya san gona mai gibi ba ta cika buhu. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne tana ɓata ƙwayar ma. Waken soya in ya sami fili sai ya yi rassa, ya yi kauri, ya zuba kwanso tun daga gindi. Kwanson da ke kan uwar kara yakan riga na rassa nuna. Sai ka iske shuka guda, wani kwanson ya bushe har yana shirin fashewa, wani kuma ɗanye shar. In ka jira ɗanyen, busasshen ya zube ko ruwa ya ɓata shi. In ka yanke, ka haɗa busasshe da ɗanye a buhu guda, ɗanyen ya jiƙa sauran. Kwanson da ke dab da ƙasa kuma shi ke shan fantsamar laka duk lokacin da aka yi ruwa, cuta kuwa a cikin lakar nan take. Ga ciyawa. Inda ganyen waken soya bai rufe ƙasa da wuri ba, ciyawa ce ke rufewa, ta raba ruwa da taki da shi daidai lokacin da ƙwaya ke cika, ranar girbi kuma 'ya'yanta su shiga buhu.

Akwai wani amfani na shuka kusa da kusa da yake ba mu sha'awa. Waken soya in zai tsira, lanƙwasa wuya yake yi ya jawo ɓarin ƙwayar nan biyu zuwa sama. In ruwa mai ƙarfi ya daki ƙasa ta yi ɓawo, ƙwaya guda ita kaɗai takan karye wuya a ƙoƙarin fitowa. Amma in suna jere kusa da juna, sai su ɗaga ɓawon tare, ka ga ƙasa ta tsage a layi guda.

Sai dai in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Wanda ya watsa iri barkatai, ko ya zuba shi cunkus a layi, shukar za ta yi tseren neman rana, ta yi tsawo, karanta siriri. Iska ɗaya ta watan Satumba ta isa ta kwantar da ita. Shukar da ta kwanta kuwa kwansonta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa yake, iska ba ta ratsa shi, raɓa ba ta bushewa sai rana ta yi sama. Fumfuna ta samu, ɓeraye ma sun samu. Wannan ya fi faruwa a ƙasa mai ƙarfi, kamar tsohon makwancin shanu ko bayan gida inda ake zuba shara.

Game da girman ƙwaya da yawan mai ko furotin da ke cikinta, tazara tana taɓa su kaɗan ne. Irin da aka shuka, da ruwan da ya samu lokacin cika, su suka fi yin hukunci a nan. Babban aikin tazara mai kyau shi ne ta sa gona ta tashi tare, ta yi fure tare, ta nuna tare, a yanke ta rana guda. Kuma tazara ba ta rabuwa da ranar shuka. Wanda dole ta sa ya makara, tun da ya san shukarsa ba za ta girma ba, sai ya matso da layukansa, ya mai da su santimita 50, domin ganye ya rufe ƙasa da wuri. Haka ma mai iri mai saurin nuna, domin jikinsa ƙarami ne. Wanda ya shuka iri mai daɗewa a kan kari, a ƙasa mai ƙarfi, shi kada ya cunkusa.

Duk wannan lissafi na shuka 20 a mita guda ya dogara ga irin da zai tsira. Don haka mako biyu kafin shuka, a ɗebi ƙwaya 100 daga cikin buhu, sama da tsakiya da ƙasa, ba tare da zaɓe ba. A shuka su a tsohon kwano mai huji da aka cika da yashi mai danshi, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana bakwai a ƙirga masu ƙarfi kawai, ban da naƙasassu. In 85 ko fiye suka fito, iri ya yi. In 70 ne, sai a ƙara yawan abin da za a zuba, wajen ƙwaya 28 a mita maimakon 20. In kuwa bai kai 60 ba, a ba masu awara, a nemi wani. Wannan aiki ne da ɗan aji ɗaya zai iya yi wa mahaifinsa, kuma ba ya cin ko kwabo.

In kaka ta yi, a yanke da zarar yawancin kwanso sun zama ruwan ƙasa, ana jin ƙwaya tana kaɗawa in an girgiza. Da safe ya fi, kafin rana ta sa su fashewa. A shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a kan kwalta mai zafi ba. Wanda za a ajiye don iri a buga shi a hankali, domin sandar da ta yi ƙarfi tana kashe tsiron ciki ko da fatar ba ta nuna ba. In ka ciji ƙwaya ta fashe ƙaras, ta bushe. In ta lotsa a haƙori, a mai da ita rana. Sa'an nan a ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a rubuta sunan irin da ranar da aka shuka shi a jikin buhun.